Bindigar gado da aka yi wa sabon rini: nazarin wata Winchester 1894

Bindigar ta fito ne daga bayan kabad, naɗe cikin tsohon bargo, makonni kaɗan bayan rasuwar mahaifin wasu 'yan'uwa biyu. Winchester ce samfurin 1894, mai libar nan da ake ja ƙasa a mayar sama harsashi ya hau. Kakansu ne ya saye ta hannu na biyu tun yana saurayi, ya yi farauta da ita har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ta koma wurin ɗansa, wanda ajiya kawai ya iya. Magadan su biyu ne, mace babba da ƙaninta. Ita bindiga ba ta gabanta, shi kuwa tun yana ƙarami idonsa na kanta. Ba a kai ruwa rana ba suka daidaita: ya riƙe bindigar, a kai ta a kimanta, ya ba yayarsa rabin abin da aka ce ta kai. Takardun da doka ta nema ya gama su a kan kari. Kimantawar ce aka yi ta jan ƙafa a kanta, yau ne gobe ne, har shekara ta kusa zagayowa.

A tsakanin nan ne ya yi mata gyara. Ina da hannu a ciki, gara in faɗa tun yanzu: injin samfefar da ya goge katakon da shi nawa ne, kuma ranar da ya nuna mini ita bayan an gama, na yaba har da cewa kamar yau ta fito daga kamfani.

Yadda take da abin da aka yi mata

Ranar da aka warware bargon, yayar ta ɗauki hotuna goma sha biyu da wayarta a bakin taga, don kawai ta tura wa dangi. Su ne suka zama hujja daga baya. A cikinsu ana ganin bututu mai kusurwa takwas, tsawon inci 26, rininsa na asali ya rage fiye da rabi, shuɗi mai duhu mara ƙyalli, ya koɗe a kan kusurwoyi har ƙarfen ya yi fari-fari. Akwatin inji, wato ƙarfen tsakiya da liba da kunama suke jikinsa, ya koma ruwan toka a daidai inda hannu ke riƙe shi idan ana tafiya, amma a lunguna da kewayen sukurori shuɗin yana nan. A jikin liba da gudumar da ke bugun harsashi akwai sauran dabbare-dabbaren launi, kamar mai ya zuba a kan ruwa. Katakon ƙota ya yi duhu, da ƙwarzane nan da can, da wani tabo mai zurfi a gefen dama. Sai ɗigon tsatsa ja kusa da bakin bututu, faɗinsa bai wuce farce ba.

Wannan ɗigon ne ya tayar masa da hankali. A ganinsa, barin bindigar kaka tana tsatsa rashin kunya ne. Ya kwance katakon da kansa, ya bi shi da inji tun daga samfefa mai kaushi har mai laushi, sai da ƙwarzanen duk ya ɓace, itacen walnot ya fito fes. Ya shafa masa man sheƙi na roba, irin na tebur, har sau uku. Ƙarfen kuma ya kai wa wani mai gyaran bindiga, ya ce a mayar masa da shi sabo. Mai gyaran ya yi abin da aka sa shi: ya goge komai a kan faifan inji har ya zama kamar madubi, ya tsoma a tafasasshen ruwan rini, ya canza sukurori biyu da bakinsu ya cinye. Ba zan ce ya yi ha'inci ba. Amma mai gyaran da ya san tsofaffin bindigogi zai tsaya ya tambayi mai kaya ko ya san abin da yake shirin rasawa, wannan kuwa bai tambaya ba.

A gaban mai kimantawa

Dattijo ne da ya shafe shekaru yana tantance tsofaffin bindigogi kafin a kai su gwanjo. Mu uku muka je. Da aka miƙa masa, sai ya ja liba, ya leƙa ciki, ya sa ɗan yatsa ya tabbatar babu harsashi, duk da an gaya masa babu. Daga nan na lura ko kallon ƙyallin bai yi ba. Rufe ido ma ya yi, ya bi kusurwar bututun da farcen babban yatsa tun daga tushe har baki. Ya dawo inda katako ya haɗu da ƙarfe a bayan akwatin inji, ya shafa gaba, ya shafa baya. Farcensa ya yi tuntuɓe da ƙarfe.

"Wa ya yi mata wannan aikin, ɗana?"

"Katakon ni ne, Baba. Ƙarfen bayarwa na yi aka yi mini."

"Yaushe?"

"Wata huɗu ke nan."

Dattijon ya ajiye ta a kan tebur a hankali. Ya ce, "Da kakanka ne ya yi shekara hamsin da suka wuce, da na fi jin sauƙin gaya maka."

Sai ya bi da mu ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne na gane cewa ni da shi ba abu ɗaya muke kallo ba. Ya fara da katakon. Kamfanin Winchester kan bar katako ya ɗan ɗara ƙarfe tudu a mahaɗarsu, kaɗan ƙwarai, yadda yatsa zai ji katakon ne a sama. Katakon da ya shekara ɗari yana iya ɗan tsukewa, amma idan ƙarfe ya fito sama da shi ko ta ina, gefunansa kuma suka yi sulɓi kamar sabulun da aka fara wanka da shi, to samfefa ce ta bi ta wurin. Abin da ta ci kuwa ta ci ke nan.

Ƙarfen ya fi ban takaici. Faifan gogewa yadi ne mai laushi da ke juyawa da gudu, ba ya bin shafaffen fili ya tsaya a gefe, lanƙwasawa yake ya ci kusurwa. Bututun da a hoto kusurwoyinsa takwas suke tsaye cak, yanzu sun yi kumbo-kumbo, ya kama hanyar zama zagayayye. Dattijon ya kwantar da tocila a gefen akwatin inji yadda haske zai bi fuskar ƙarfen a kwance. Maimakon fili ɗaya miƙaƙƙe, sai muka ga hasken yana hawa yana sauka kamar igiyar ruwa, kuma kowane ramin sukuru ya yi ɗan kwari a kewayensa, domin faifan yakan nutsa cikin rami ya kwashe bakinsa. Rubutun da ke kan bututu, sunan kamfani da garin New Haven da alamar 30 W.C.F. ta girman harsashi, yana nan ana karantawa, sai dai da gilashin ƙara girma za ka ga ƙafafun haruffan sun yi jela ta gefe guda, wasu kuma sun sirance har sun kusa ɓacewa.

Inda ya fi daɗewa shi ne hatimin gwaji, ɗan da'ira mai siffar ƙwai da haruffan W da P a sarƙe cikinsa, ɗaya a saman bututu, ɗaya a saman akwatin inji. Winchester ta fara buga shi wajejen 1905, kuma ana buga shi ne bayan an gama rini, an harba bindigar an ga ta jure. Saboda haka a bindigar da ba a taɓa ba, bakin hatimin yakan ɗan taso, ƙarfe kuma yakan nuna haske inda bugun ya fasa rinin. A hoto na bakwai na yayar, da aka zuƙo shi, haka yake. A bindigar da ke kan tebur hatimin ya kwanta lumus, rini ya cika shi ciki da waje. Dattijon ya ce ko da mai gyaran ya fi haka ƙwarewa, wannan wuri ɗaya ya isa ya tona asiri.

Sai launi. Abin da nake kira rini a nan ba fenti ba ne. Wata irin tsatsa ce baƙa da ake sa fuskar ƙarfe ta yi da gangan. Jar tsatsa ci take tana zubewa, baƙar kuwa mannewa take, ta riƙe mai, ta rage wa danshi hanya, kuma kaurinta bai kai na silin gashi ba ko kusa. Lambar wannan bindiga ta nuna ƙirar wajejen 1906 ce, kuma a wancan zamani ba hanya ɗaya ake bi a rina duk sassan ba. Bututu ana shafa masa ruwa mai tsami, a bar shi a wuri mai danshi ya yi jar tsatsa, a dafa shi a ruwa jar ta koma baƙa, a karce da burushin waya mai laushi, a sake, sau da dama, har launin ya zauna. Akwatin inji da zafin wuta ake rina shi, shi ya sa ya fi bututu haske. Liba da guduma ana binne su cikin gawayin ƙashi da na itace, a gasa, a tsunduma a ruwa, fatarsu ta yi tauri ta fito da dabbare-dabbaren nan. 'Yar ƙofar da ake cusa harsashi ta gefe kuwa shuɗi ne mai haske sosai. Launi huɗu a jikin bindiga ɗaya. Hanyar da mai gyaran ya bi, ta tafasa ƙarfe cikin ruwan soda mai ƙuna da gishirin naitiret a zafin da ya kai kimanin digiri 140 a ma'aunin Celsius, Winchester ba ta kama ta ba sai wajen ƙarshen shekarun 1930. Tana da sauri, tana da ƙarko, amma komai baƙi ɗaya take mayarwa. Ƙarfen da aka taurara ma ba ya karɓarta da kyau, shi ya sa libar ta fito da ɗan ja-ja, wanda ni a da na ɗauka ado ne.

Mataki biyu ƙasa

Masu wannan sana'a ba da ido kawai suke yanke hukunci ba. Ƙungiyar masu bindigogi ta Amurka, wato NRA, tana da ma'auni mai matakai bakwai na tsofaffin bindigogi. A dokar tarayyar Amurka, wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan ce ake kira ta tarihi, amma masu kimantawa kan ari ma'aunin su auna irin wannan da ta haura da 'yan shekaru. Mataki na farko shi ne wadda take kamar yadda ta bar kamfani. Na biyu, duk sassanta na asali ne, rinin asali ya wuce kashi 80 cikin ɗari. Na uku, ya wuce kashi 30. Na huɗu, daga kashi 30 zuwa babu ko kaɗan, muddin sassan na asali ne, kusurwoyi na tsaye, rubutu ya fito sarai. A mataki na biyar ne ake fara ambaton ƙarfen da aka sake rinawa da katakon da aka sake shafewa.

A sake duba na huɗun nan da kyau. Bindigar da rininta ya koɗe ƙarƙaf, ta zama ruwan toka daga baki har gindi, tana gaba da wadda aka yi wa sabon rini tana walƙiya. Bisa hotunan, dattijon ya sa ta kaka a mataki na uku ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Yadda take a yanzu kuwa, na biyar.

Ya ba da shawarar a nemi wasiƙar kamfani kafin ya rubuta rahotonsa. Tsofaffin kundayen Winchester suna gidan tarihin bindigogi da ke garin Cody a jihar Wyoming, kuma ga samfurin 1894 na shekarun farko, idan ka aika lambar bindiga za su rubuto maka abin da kundin ya ce: girman harsashi, irin bututu, irin kunama, ranar da ta shiga sito da ranar da ta fita. Sunan wanda ya saya ba ya cikin abin da aka saba samu. Wasiƙar ta zo, komai ya yi daidai da abin da ke hannu. Bututun nata ne, ba a yanke shi ba, ba a huda akwatin inji don ɗaura madubin saiti ba, ba a datse ƙota an liƙa roba ba. Wato fiye da shekara ɗari, ta hannun mutum aƙalla uku, babu wanda ya taɓa ta da komai sai mai da tsumma. Labari mai daɗi ne da ya ƙara wa ƙanin ciwo.

Me ya sa kasuwa take da tsanani haka

Samfurin 1894 ƙirar John Browning ce, kuma an ƙera fiye da miliyan bakwai. Harsashinta na .30-30, wato 30 W.C.F. ɗin nan, wanda ya fito a 1895, har yau ana sayar da shi. Duk mai neman bindigar da zai harba yana da zaɓi iya ganinsa, don haka kuɗin da zai biya yana da iyaka, komai kyan rinin. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wadda ta kai wannan shekaru da fatarta ta asali, kuma adadinsu raguwa kawai yake yi: duk wadda aka goge ta fita daga sahu, babu mai shigowa. Mai tara bindigogin tarihi wannan ƙarancin yake saye. Ranar da aka tsoma ta kaka a ruwan rini, ta bar kasuwar masu tarawa ta koma ta maharba.

Akwai kuma zargi. Sabon rini mayafi ne. A ƙarƙashinsa ana iya ɓoye ramukan tsatsa da aka cike da walda, da bututun da aka ɗauko daga wata bindiga, da lambar da aka taɓa. Fatar asali ita ce ke shaida cewa sassan tare suka tsufa: koɗewar bututu ta dace da ta akwati, ta akwati ta dace da duhun katako. Idan aka shafe wannan, mai saye ba shi da abin dubawa sai maganar mai sayarwa, kuma zai rage kuɗi gwargwadon shakkarsa. Abin da aka saba ji a bakin masu tarawa shi ne gyara yakan cinye rabin daraja. Ba doka ba ce. A bindigar da samunta ke da wuya asarar takan wuce haka, a wadda take ko'ina takan gaza.

Hujjar ƙanin

Bai yi shiru ba, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce tsatsa ta riga ta kama, da ya bari da ta ci gaba. Ya ce cikin bututun lafiya lau yake, bindigar tana harbi yadda take yi a da, yanzu ma ta fi jure danshi. Ya ce shi bai taɓa niyyar sayarwa ba, to ina ruwansa da abin da masu gwanjo ke so?

Dattijon ya yarda da ta biyu gaba ɗaya. Ta farkon ce ya warware masa. Jar tsatsa mai rai, wadda ke barin gari a yatsa, dole a tsayar da ita, babu musu. Amma ɗigo ɗaya ne. Ana jiƙa shi da mai ya kwana, a goge a hankali da audugar tagulla, wadda ta fi ƙarfe laushi, ko a kankare da gefen tsabar jan ƙarfe, tsatsar ta tashi, rinin da ke kewaye ya zauna. Ruwan ƙasan da ya rufe sauran jikin kuwa launin tsufa ne da ya riga ya zauna, ba ya cin komai. Katakon tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi. Bayan haka a shafa kaki marar tsami, irin Renaissance Wax da aka haɗa a ɗakin binciken Gidan Tarihin Birtaniya a shekarun 1950, a ajiye ta a wuri busasshe, a raba ta da bargon nan, domin bargo danshi yake riƙewa kuma mai yiwuwa shi ya jawo ɗigon tun farko. Aikin yini ɗaya ne, kuma babu abin da aka yi a ciki da ba za a iya warwarewa ba.

Ya kawo misalin da ya zauna mini. A watan Nuwamba na 2014, wata masaniyar kayan tarihi mai suna Eva Jensen ta ga wata Winchester samfurin 1873 jingine da bishiya a gandun Great Basin da ke jihar Nevada. Lambarta ta nuna ƙirar 1882 ce. Rana da ƙanƙara sun mayar da katakon fari, ya tsattsage, ƙarfen ya yi tsatsa gaba ɗaya. Da aka kai ta Cody, ba wanda ya ɗauko samfefa. Katakon aka ƙarfafa don kada ya ci gaba da marmashewa, aka bar ta da kamanninta, kuma hoton da aka ɗauki cikinta ya nuna harsashi guda da ba a harba ba a cikin ramin ƙota. A sabuwarta bindiga ce gama-gari, an yi dubbai irinta. Da an goge ta, da ta koma ɗaya daga cikinsu.

Ta ukun, wato cewa ba sayarwa zai yi ba, ita ce mai ƙarfi, kuma da shi kaɗai ne magaji da na ce ya yi gaskiya. Mai abu yana da ikon ya fi son ƙyalli a kan tsufa. Sai dai a ranar da ya kunna injin, rabin bindigar ba nasa ba ne.

Ba kowane gyara ne ɓarna ba

Kada a ɗauka duk tsohuwar bindiga haramun ce ga mai gyara. A 1964 Winchester ta canza yadda take ƙera wannan samfuri don rage tsada, kuma masu tarawa har yau suna raba na kafin 1964 da na bayanta. Wadda aka yi a shekarun 1970, ta yi tsatsa a bayan mota, gyaranta ba ya rage wani abin kirki, illa dai akwatin injin na wancan lokaci wani irin ƙarfe ne da ba ya karɓar rinin da aka saba. Haka wadda wani ya riga ya goge tun da, ko wadda tsatsa ta rarake. Bindigogin soja kuma lissafinsu daban ne: Lee-Enfield ta Birtaniya da aka mayar masana'antar gwamnati aka sabunta, aka buga mata haruffan FTR, alamar cikakken gyaran masana'anta, masu tarawa suna karɓar wannan a matsayin wani babi na aikinta, ko da ba ta kai wadda ba a taɓa ba.

Akwai kuma gyaran ƙwararru, irin wanda kamfanin Turnbull da ke jihar New York ya yi suna a kai: a goge da hannu a kan katako miƙaƙƙe don kusurwa ta tsaya, a sake yanka rubutu, a ba kowane sashe irin rinin zamaninsa. Ƙanin ya tambaya ko wannan zai fitar da shi. Dattijon ya ce za ta yi kyau ƙwarai, za ta kuma fi yadda take yanzu daraja, amma sunanta zai zama wadda aka sabunta, ba za ta koma mataki na uku ba, kuma ga bindiga mara wani ado na musamman kamar wannan, kuɗin aikin zai iya haura abin da zai ƙaru.

Rabon

Rahoton ya fito da adadi biyu, na yadda take a hotuna da na yadda take a yau. Na biyun bai kai rabin na farko ba. Tambayar da ta rage ita ce da wanne za a yi rabo.

A ganina amsar ba ta da wuya. Yarjejeniyarsu a kan bindigar da aka ciro daga bargo aka yi ta, kuma shi kaɗai ya yanke shawarar canza ta. Ita ma dai tana da nata kason na jan ƙafa, domin da an kai ta wurin dattijon a watan farko, da duk wannan bai taso ba. Ni kuma da na ba da inji na san inda nawa yake.

A mota muna dawowa ya ce, "Yaya, wallahi don in mutunta Kaka na yi."

Ta ce, "Na sani, Auta. Ban ce ka cuce ni ba. Amma tabon nan na gefen dama, ka san na mene ne?"

Bai sani ba. Ƙarfen maɗaurin jakar kakan ne ya yi shi, shekara da shekaru yana gugar wuri ɗaya idan ya rataya su tare. Mahaifinsu ne ya nuna mata tun tana yarinya.

Ya biya ta bisa adadi na farko, a hankali, cikin wata shida. Ita kuma ta ɗauki kuɗin kimantawa da na wasiƙar Cody a kanta, ta wanke hotunan goma sha biyu ta ba shi. Ya koma wurin mai gyaran neman tsofaffin sukurorin nan biyu, aka zazzage wani gwangwani aka samu ɗaya. Dattijon ya ce kada ya mayar da shi jikin bindigar, tsohon sukuru a kan sabon rini kama yake da yunƙurin ruɗar mai saye. Ya sa shi a ambulan tare da hotuna da wasiƙa da rasit ɗin mai gyara, yadda duk wanda bindigar ta koma hannunsa zai san me aka yi mata da kuma yaushe.

Yanzu yana fita da ita filin harbi, abin da dattijon ya ce da tana yadda take a da ma ba zai hana shi ba, in dai zai share ta bayan ya dawo. Man sheƙin nan na roba yana zame masa a hannu idan ya yi gumi, har yana tunanin cire shi ya shafa man linsid, wanda ake shafa wa katako. Kafin ya taɓa, ya buga wa dattijon waya. Ya ce masa ya cire da sinadari, kada ya ƙara kusantar samfefa, ban da wannan ya yi yadda ya ga dama, domin abin da za a ɓata a katakon nan an riga an ɓata shi.